Kantin Porto a Maraɗi: Abin da Zafi Ya Bari da Abin da Ya Ɓata

A garin da mafi yawan jama'arsa Musulmi ne, kuma addininsu ya haramta musu barasa ɗungurungum, kantin da ke sayar da giyar inabi ba ya kafa babban allo a bakin titi, ba ya kuma kai talla gidan rediyo. Wannan sharhi na rubuta shi ne domin ƴan tsirarun da harkar ta shafa: masu otel da gidajen abinci da ke karɓar baƙi, Kiristocin gari da ke neman abin da za su ajiye a tebur ranar Kirsimeti ko Ista, ma'aikatan ƙungiyoyi da suka zo daga wasu ƙasashe, da kuma mutumin da ba ya sha sam amma yana so ya san abin da ke cikin irin waɗannan kwalabe don kada ya saya bisa kuskure. Ba zan ambaci sunan kantin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma waɗanda ke da buƙata sun riga sun san ƙofar.

Daga waje, kanti ne irin na kayan gwangwani da taliya da sabulu, wanda ba a rasa irinsa a kowace unguwa. Sai an wuce teburin biyan kuɗi an shiga ɗaki na biyu ake tarar da abin da ya bambanta shi da sauran. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya, fitilarsa ba ta da ƙarfi, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki da batiran hasken rana idan wuta ta ɗauke. A jikin ƙofa an rataye ma'aunin zafi, wanda duk zuwan da na yi ban ga ya haura digiri 24 ba. Masana za su ce wannan ya yi yawa, domin giyar inabi ta fi son wurin da bai wuce digiri 15 ba, amma duk wanda ya san Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke zarce digiri 40 kuma kwanon rufi ke ƙona hannu, zai gane cewa riƙe ɗaki a wannan mataki aiki ne da ke cin kuɗi. A ganina, a ƙasar nan ɗakin ajiya ne farkon abin da ya kamata a duba kafin a dubi sunayen da ke jikin kwalabe, kuma a wannan fanni kantin ya yi wa takwarorinsa fintinkau.

Mai kantin dattijo ne wanda ya daɗe a harkar, kuma shawarar da ya yanke ta rage giyar inabi ta yau da kullum ya ƙara wadda aka ƙarfafa da barasa ita ce ta sa nake ganin ya san ƙasar da yake ciniki a cikinta. Giyar inabi ta yau da kullum, mai barasa kashi 12 zuwa 14 cikin 100, ba ta jure wahalar hanya. Idan ta kwana biyu cikin kwantena a rana, ƙamshinta ya tafi, ta koma wani abu mai ɗanɗanon dafaffen ƴaƴan itace. Wadda aka ƙarfafa kuwa, tun asali an ƙirƙiro ta ne don ta yi doguwar tafiya a jirgin ruwa ba tare da ta lalace ba. Dalilin da ya haifi kilishi a wajenmu, wato neman abin da zai kai matafiyi inda za shi bai ruɓe ba, shi ne ya haifi porto, ƙarfafaffiyar giyar inabi ta Fotugal, da ƴan uwanta a Turai.

Porto ce ta mamaye fiye da rabin kantocin ɗakin, don haka a kanta zan fi tsayawa. Ana noman inabinta a kwarin kogin Douro, a arewacin Fotugal, a kan gangaren duwatsu da aka sassaƙa hawa-hawa, yankin da hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Idan aka matse inabi aka bar ruwansa, ƙwayoyin yisti ne ke cinye sukarin da ke ciki suna mayar da shi barasa. Masu yin porto ba sa barin wannan aiki ya kai ƙarshe. Bayan kwana biyu ko uku, lokacin da kusan rabin sukarin ya rage, sai su zuba tatacciyar barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin 100, kimanin lita 115 a kan lita 435 na ruwan inabin, abin da ke cika gangar gargajiya mai lita 550. Barasar tana kashe yistin nan take, sukarin da ya rage ya tsaya yadda yake. Shi ya sa porto take da zaƙi da ƙarfi a lokaci ɗaya, barasarta tana tsakanin kashi 19 da 22 cikin 100, kuma zaƙin na inabin ne kansa, ba sukarin buhu aka ƙara ba.

Mai lura zai ga cewa sunaye da yawa a jikin kwalaben ba na Fotugal ba ne. Akwai Sandeman, mai hoton mutum sanye da baƙar alkyabba da faffaɗar hula, gidan da wani ɗan Sikotilan ya kafa a 1790, akwai Graham's na 1820, akwai kuma Taylor's da ke ƙirga tarihinsa daga 1692. Asalin wannan shi ne rigingimun Ingila da Faransa, waɗanda suka hana Ingilawa giyar Bordeaux suka tura ƴan kasuwarsu Fotugal, sannan yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta sauƙaƙa harajin giyar Fotugal a Ingila. Da kasuwa ta buɗe sai algus ya yi yawa, har a 1756 ministan da daga baya aka sani da Marquês de Pombal ya shata iyakar yankin da aka yarda a kira giyarsa porto, ya sa aka kakkafa duwatsun alama. Wannan tsari ne ya gadar da ƴar takardar hatimi ta IVDP, hukumar Fotugal mai sa ido kan porto, da ke manne a wuyan kwalba ko a bayanta, mai ɗauke da lamba. Na duba kwalaben porto na kantin ɗaya bayan ɗaya, ban sami wadda ba ta da hatimin ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da jabun kaya ke tsallaka iyaka dare da rana, kuma an sha ganin kwalba mai zaƙi da aka rubuta wa wani suna mai kama da porto alhali ba ta taɓa ganin Douro ba.

Mafi arha a cikinsu ita ce wadda ake kira ruby, kuma ita ce aka fi saye. Ja ce wur, ba ta daɗe a manyan tankuna ba kafin a zuba ta a kwalba, saboda haka ɗanɗanon ɗanyen ƴaƴan itace ne ke gaba, da ɗan bauri a ƙarshe, da zafin barasa da ke bin maƙogwaro. Porto Cruz, mai hoton mace cikin baƙaƙen kaya, ita ce mutanen da suka zauna Faransa ko suka yi aiki da Faransawa suka fi ganewa, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Faransa ta daɗe tana gaban kowace ƙasa wajen yawan porto da take saye, akasari irin wannan mai sauƙin kuɗi da ake sha kafin cin abinci. Ba ni da abin zargi game da ruby ɗin kantin. Tana yin aikin da aka yi ta dominsa, kuma ga mai gidan abinci da ke son ya ɗan zuba a miyar nama ko ya ba baƙo ƙaramin kofi, ta wadatar.

Inda kantin ya burge ni shi ne wajen tawny, musamman mai shekara 10. Ita wannan a ƙananan gangunan katako take tsufa, a rumbunan Vila Nova de Gaia da ke tsallaken kogi daura da birnin Porto, ko kuma a can cikin kwarin, inda iska ke ratsa katakon a hankali shekara da shekaru. Jan launin yana kwantawa, giyar ta koma ruwan goro mai haske. Da mai kantin ya zuba mini kaɗan daga kwalbar da yake ajiyewa a firigo don ɗanɗanawa, na ɗaga kofin a gaban fitila, tsakiyarsa ja-ja ne amma gefensa ya koma kalar zuma, kuma da na juya shi sai ruwan ya riƙa gangarowa a jikin gilashin a hankali, layi-layi. Ƙamshin busasshen dabino ne ya fara zuwa, sannan na soyayyar gyaɗa, sannan wani abu kamar ɓawon lemu. A baki tana da garɗi, baurin ya tafi, kuma akwai ɗan tsami a ƙarƙashin zaƙin da ke hana shi ginsar mutum. Bayan an haɗiye, ɗanɗanon yana daɗewa a harshe. Ya kamata mai saye ya san cewa lambar 10 ko 20 da ke jikin kwalbar tawny ba ta nufin duk abin da ke ciki shekararsa ke nan daidai, domin gauraye ne na ganguna masu shekaru daban-daban da aka haɗa har suka ba da halin wannan shekaru, kuma hukumar ta ɗanɗana ta amince. Wanda ke son ta shekara guda tak sai ya nemi colheita, wadda doka ta ce sai ta yi aƙalla shekara 7 a ganga, amma ita kantin ba ya kawo ta.

Abin da ya sa nake fifita tawny a Maraɗi bai tsaya ga daɗi ba. Giyar da ta riga ta sha iska shekaru a ganga ba ta jin tsoron iska bayan an buɗe kwalba, don haka tana iya yin wata ɗaya ko biyu a firigo ba ta canja sosai ba. A gidan da mutum ɗaya ko biyu ne ke sha, kuma ƙaramin kofi suke sha jefi-jefi, wannan shi ne bambancin kuɗin da aka ci moriyarsu da kuɗin da aka zubar. Ruby da wadda ake kira LBV, wato ta shekara guda da ta yi shekara 4 zuwa 6 kafin a zuba ta a kwalba, suna fara dusashewa bayan mako biyu ko uku.

Farar porto ma akwai iri ɗaya. Ƴan Fotugal suna haɗa ta da ruwan tonik da ƙanƙara da yankan lemun tsami lokacin zafi, kuma wannan ne kaɗai salon shan porto da zan iya cewa ya dace da yammacin bazara a nan.

Ƙorafina na farko yana kan kwalabe uku da aka jera a kanta ta sama, a tsaye, kamar kayan ado. Vintage ne, wato sarauniyar porto, wadda gidajen ba sa fitarwa sai a shekarar da amfanin gona ya yi kyau ƙwarai, kamar 2011 da 2016 da 2017, kuma ana zuba ta a kwalba bayan kimanin shekara biyu ba tare da an tace ba, domin ta ci gaba da nuna a cikin kwalbar shekara ashirin ko talatin. Irin wannan giya tana buƙatar a kwantar da ita don toshiyar bakin ta zauna a jiƙe, tana kuma buƙatar sanyi mai ɗorewa wanda ko wannan ɗaki mai kyau ba zai iya bayarwa ba. A wuyan ɗaya daga cikinsu na ga wani busasshen tabo mai danƙo da ya gangaro daga ƙarƙashin murfi, alamar cewa zafi ya taɓa kumbura abin da ke ciki har ya turo ta gefen toshiya, wataƙila tun a hanya. Na nuna wa mai kantin, na ce, “Maigida, wannan kam ta sha wuya.” Ya karɓa ya duba, ya ce, “Gaskiyarka, Yaya, wani ne ya sa na kawo su sannan ya bar gari.” Ya sauke mai tabon, amma sauran biyun suna nan a tsaye da farashinsu na da, wanda ya ninka na tawny mai shekara 10 sau da yawa. Ba na ba kowa shawarar ya saye su. Ko da ta tsira daga zafi, vintage sai an tsiyaye ta a hankali an raba ta da gwiɓar da ke kwance a gindi, kuma sai an shanye ta cikin kwana biyu ko uku, abin da bai dace da yadda mutanen nan ke sha ba.

Sauran kwalaben, masu toshiya mai hula da ake cirewa da hannu, tsayuwarsu daidai ce, haka aka yi su a ajiye.

Idan akwai giyar da za a ce an yi ta don gari irin namu, to Madeira ce, kuma abin takaici iri ɗaya tak kantin ke da shi, mai shekara 5. Madeira tsibiri ne na Fotugal a cikin tekun Atilantika, yamma da gaɓar Maroko, inda jiragen ruwa masu zuwa Indiya da Amurka suke tsayawa su yi guzuri. An lura cewa gangunan da suka ratsa yankuna masu zafi suka dawo sun fi waɗanda suka zauna a gida daɗi, sai masu sana'ar suka fara gasa giyar da gangan. A yau ana ɗumama mai sauƙin kuɗi a tankuna a kan digiri 45 zuwa 50 na tsawon aƙalla wata uku, ita kuwa mai daraja ana ajiye gangunanta a benen rumbu, ƙarƙashin rufi, rana ta yi aikinta shekaru. Giyar da ta riga ta sha zafi ta sha iska tun a gidan da aka yi ta, babu sauran abin da hanyar da kaya ke biyowa daga tashar ruwan Lome ta Togo zuwa Maraɗi za ta yi mata, kuma kwalbar da aka buɗe tana iya yin watanni tana nan lafiya. Wadda na ɗanɗana tana da ƙamshin ƙonannen sukari da tsamiya, kuma tsaminta ya fi na porto fitowa, abin da ya sa ba ta da nauyi a baki duk da zaƙinta. Da ni ne mai kantin, da kuɗin da aka binne a vintage na zuba su a nan, na kawo Sercial marar zaƙi da Malmsey mai zaƙi sosai, mai saye ya sami zaɓi.

Sherry, wadda ake yi a kewayen Jerez a kudancin Sipaniya, ita ce ta nuna iyakar abin da ɗaki mai sanyi zai iya gyarawa. Bambancinta da porto shi ne ana barin yisti ya cinye sukarin duka kafin a ƙara barasa, don haka asalinta ba ta da zaƙi. Irin da ake kira fino tana tsufa ne a ƙarƙashin wani farin yisti da ke yin yana a saman giyar yana kare ta daga iska, barasarta kusan kashi 15 ce kawai, kuma da zarar ta bar ganga kwanakinta ƙidayayyu ne. Wadda na saya a kantin ya kamata ta kasance fara-fara mai kaifi, amma na tarar ta yi duhu, ƙamshinta ya mutu, sai ɗaci. Ba na ɗora laifin a kan wanda ya yi ta, domin fino ba kayan doguwar hanya da dogon zama ba ce. Laifin na wanda ya yi odarta ne. Da na mayar da maganar, an karɓi kwalbar an musanya mini da wani irin sherry da ake kira oloroso ba tare da jayayya ba, ita kuwa oloroso, da yake da iska ta tsufa kuma barasarta ta kai kashi 17 ko fiye, ta iso da ƙarfinta. Akwai kuma Martini ja da fari na Italiya, da Muscat de Rivesaltes na kudancin Faransa, waɗanda ake samu a wasu wuraren ma, ba su buƙatar dogon bayani.

Wani abu da na gani da idona ya ƙara mini ganin mutuncin wurin. Yanzu ya zama ruwan dare a bukukuwan aure da na suna a ajiye kwalaben ruwan inabi marar barasa, mai kumfa, wanda kwalbarsa da takardar zinaren da ke wuyanta suka yi kama da na giya. Kantin yana sayar da irin wannan, amma a ɗakin waje, kusa da lemun kwalba, nesa da ɗaki na biyu. Ina tsaye wata mata ta shigo sayayyar bikin ƴarta, ta leƙa ciki, kwalbar tawny ta ba ta sha'awa, ta ɗauka tana tambayar kuɗin katan. Yaron kantin bai tsaya lissafi ba, ya ce, “Hajiya, wannan giya ce, mai ƙarfi ma kuwa. Naku yana waje, bari in nuna miki.” Ta ajiye da sauri tana salati, ya kai ta wajen wanda take nema, ya kuma nuna mata inda ake rubuta adadin barasa a jikin takarda don ta riƙa dubawa ko a wani kanti. Rubutun da ke jikin kwalaben nan da harshen Fotugal ne ko Ingilishi, kuma zaƙin porto yana iya ruɗin wanda bai sani ba ko da ya kai baki, saboda haka wannan gaskiya ta yaron kanti ta fi kowane ragin farashi daraja a gari kamar Maraɗi. Na kuma lura ba sa sayar wa yaran da aka aiko, sai babba ya zo da kansa.

Ƙorafina na biyu shi ne farashi, ba tsadarsa kaɗai ba, rashin rubuta shi. Babu ko kwalba ɗaya a ɗaki na biyu da ke ɗauke da takardar kuɗi, sai an tambaya, kuma amsar tana iya bambanta tsakanin mai kantin da yaronsa. Tsadar ita kanta tana da dalilin da kowa ya sani. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yawancin kayan da ke zuwa Nijar daga teku ta tashar Kwatano suke shigowa. Da aka rufe iyakar Benin sai hanya ta koma Lome, ta ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, ta iso Yamai, sannan a ƙara fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Kowane kwana da mota ta yi tana jiran ayari kuɗi ne, kuma rana ce a kan kaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma ya ƙara tabbatar da hikimar zaɓen giya mai jure wahala, amma bai hana a manna ƴar takarda a jikin kanta ba. Mai saye da ya san kuɗin abu tun kafin ya buɗe baki ya fi sakin jiki, musamman a cinikin da mutane da yawa ke so su gama da sauri su fita. Haka kuma kaya suna yankewa ba sanarwa, irin da ka samu a wannan wata ba lalle ka same shi a wata mai zuwa ba, don haka mai otel da ke son ya rubuta wani suna a takardar abincinsa sai ya yi magana da mai kantin tun da wuri.

Game da yadda za a ji daɗin abin da aka saya, kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin maganar littattafan Turai cewa a sha jar porto da zafin ɗaki. Ɗakin da suke nufi mai digiri 16 zuwa 18 ne, ba namu ba. Porto mai ɗumi barasa kawai take busowa a hanci, zaƙinta kuma ya yi nauyi. A saka kwalbar a firigo, a fitar da ita ƴan mintoci kafin a zuba, tawny ta fi daɗi da ɗan sanyi-sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, da dare bayan an ci abinci, shi ne lokacin da ta fi karɓar jiki, kuma ya zo daidai da bukukuwan ƙarshen shekara da kantin ke yin mafi yawan cinikinsa. Ingilawa suna haɗa porto da cukunsu mai gishiri da ake kira Stilton, amma ba sai an je nesa ba. Busasshen cukun da ake kawowa daga arewa, idan aka ɗan gasa shi, yana tafiya da tawny sosai, haka ma soyayyar gyaɗa mai gishiri, wadda Maraɗi ba ta taɓa rasawa ba. Dabino yana da kyau da Madeira saboda tsaminta, amma da ruby zaƙin yana yin yawa. Kilishi mai yaji sosai ban ga dacewarsa ba, domin barkono da barasa mai ƙarfi suna haɗuwa su ƙona baki, sai dai marar yaji tare da oloroso.

Ma'auni kuwa ba abin wasa ba ne. Kofin porto ƙarami ne, bai wuce cikin kofin gilashin da muke shan shayi da shi ba, kuma akwai dalili. Kwalba mai santilita 75 da ke da barasa kashi 20 cikin 100 tana ɗauke da tsantsar barasa mililita 150, wato daidai da abin da ke cikin manyan kwalaben giyar hatsi huɗu zuwa biyar, ga kuma sukari kusan giram 100 a kowace lita. Zaƙin yana ɓoye ƙarfin, mutum ba ya ankara sai ya miƙe tsaye. Mai ciwon sukari da mace mai ciki da mai shan magani ba nasu ba ne, wanda kuma zai hau babur ko ya tuƙa mota ya bari sai ya isa gida. Masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya su tuna cewa jihar Katsina tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma kwalbar da aka saya bisa ƙa'ida a nan tana iya zama matsala da zarar an tsallaka.

Ga wanda zai shiga kantin karo na farko da kuɗin kwalba ɗaya, tawny mai shekara 10 nake ba da shawara, idan kuma firigonsa ba abin dogaro ba ne saboda ɗaukewar wuta, ya ɗauki Madeira. Ya duba hatimi, ya shafa wuyan kwalbar ya ji ko akwai danƙo, ya dubi inda ruwan ya tsaya a wuya ko ya yi ƙasa fiye da na ƴan uwanta, ya kuma nemi a faɗa masa watan da kayan suka iso, domin mai kantin yana rubutawa a littafi kuma ba ya ɓoyewa idan an tambaya. Zuwa da safe ya fi, lokacin da shi kansa yake wurin, tun da yaron bai san bambancin nau'o'in sosai ba kuma ba shi da izinin buɗe kwalbar ɗanɗano. Na roƙi a riƙa kawo ƙananan kwalabe masu rabin girma, waɗanda za su fi dacewa da aljihun mutane da kuma yanayin garin, mai kantin ya ce zai tambayi dillalinsa na Lome a oda mai zuwa.